Kwamfutar Baban Raihana

Talata, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Wannan littafin tsara darasi ne na 'yan aji huɗu. An yi hutu, kuma ko ba a yi ba babu inda zan je, don haka bari in mori takardun da suka rage.

Yau kwana goma sha biyu. Na kunna kwamfutar Baban Raihana.

Ban yi niyya ba. Shara nake yi, tsintsiya ta kai ƙarƙashin tebur, sai na ga filashinsa mai jan zare yana nan a soke inda ya bar shi. Safiyar da zai tafi Rabah ya ce min ya sauke tsohon windo, wato manhajar da kwamfutar ke tashi da ita, zai ɗora sabo, don na da ɗin ya tsufa har ba ya buɗe takardun ofishinsu na malaman gona. Lawwali abokin aikinsa ya yi ta danna hon ɗin babur a ƙofar gida, shi kuma ya kashe ta a tsakiyar aiki. Ya ce kada kowa ya taɓa, in ya dawo da la'asar zai ƙarasa. Ya karɓi babbar wayata saboda tasa ba ta riƙe caji, ya bar min wannan mai tocila.

Hotunanmu duk suna cikin wayar, wayar kuma tana inda yake. Albam ɗin bikinmu ambaliya ta ci shi shekara uku da suka wuce. Abin da ya rage a gidan nan mai kamarsa ko muryarsa yana cikin wannan tsohon akwatin, don duk wata yakan kwashe abin da ke wayoyinmu ya zuba a wani ɓangare da ya ware.

Na danna, ta yi gurnani, allon ya kawo baƙi da farin rubutu layi biyu, wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na ce mata ni ma haka, na kashe ta.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Khalid, ƙanen Baban Raihana, shi ke riƙe da layin da masu garkuwa da shi suka ce za su kira. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Na kira Sharifa. Tare muka yi sakandare, yanzu ita ce mai buga takardu a wani ofis a Goronyo, kuma ita kaɗai ce in ta kira ni ba ta fara da muryar ta'aziyya. Da na faɗa mata abin da nake so sai da ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Adawiyya, ke da ba ki iya sa ma rediyo batir, ke za ki aza windo? Duniya ta tashi."

Na ce, "Ki koya min ko ki kashe wayag ga."

Ta koya min. Wahalar ita ce babu sabis a ɗakin, sai a gindin dogon yaron tsakar gida. In karanto abin da ke allo, in ruga gindin bishiya in faɗa mata, ta ba ni amsa, in rugo ɗaki kafin in manta. Inna Kaltume, mahaifiyar Baban Raihana, tana zaune a tabarmarta bakin ƙofar ɗakin, don nan ne inuwa ke daɗewa. Duk wucewa sai ta janye ƙafarta.

Sharifa ta ce da na danna maɓallin tashi in yi ta bugun F12 ba tsayawa. Na yi. Sai kwamfutar ta tsaya tana tambayata kwanan wata, ita a ganinta yau ɗaya ga Janairun 2010 ce. A shekarar nan ko sunansa ban taɓa ji ba. Sharifa ta ce wani ɗan batir ne mai kama da kwabo ya mutu a ciki, ba matsala ba ce, sai dai duk sanda wuta ta yanke sai na sake faɗa mata ranar da ake ciki.

Na rubuta mata. Ban so ba, amma na rubuta.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Solar gidan nan daga sha ɗaya zuwa uku kawai take ɗaukar kwamfuta, batir ɗinta ya gaji. Wato sai lokacin da zafin Wurno ya fi cizo nake zama gabanta, gumi yana bin bayana.

Yau na kai wajen da ake zaɓar inda sabon windo zai zauna. Layi uku ne. Na farko ɗan ƙarami, na biyu kusan fanko, na uku ya cika har ya kusa bakinsa. A ƙarƙashinsu akwai wajen gogewa da wajen fomat, suna nan kusa-kusa kamar ba komai ba.

Sharifa ta ce, "Na biyu za ki zaɓa. Na ukku shi na ad da hotunanku. Ko da wasa kada hannunki shi kai gare shi, in kid danna fomat bisa nai, ni kam babu ruwana, ba mai maido miki su."

Na koma ɗaki na kama linzamin. Na tsayar da kibiyar tsakanin layi na biyu da na uku. Na zauna ina kallon layi na ukun nan, ina cewa ashe nan kake. Har solar ta fara kuka ban danna komai ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya da rabi

Na yi bismillah na zaɓi na biyu. Ta fara ƙirga: ɗaya cikin ɗari, biyar, sha biyu. Na ji wani daɗi da na daɗe ban ji ba, har na kira Raihana ta zo ta ga lamba tana tafiya. Da ta kai talatin da huɗu sai ɗif, ta mutu. Wuta tana nan, fankar sama tana juyawa, ita ce kawai ta ɗauke.

Na shafa rigarta na ce, haba tsohuwa, mi nim miki? Ni na ɗinka mata rigar nan da hannuna lokacin da Raihana ta fara rarrafe ta kifa mata kunu. Yadin kujera ne mai kauri, na shimfiɗa leda a ciki, na bar tsagi wajen maɓalli da wajen wayoyi. Babu kwamfutar da aka gatanta a garin nan kamar ta, amma dubi sakayya.

Lahadi, 20 ga Afrilu, azahar

Na faɗa mata kwanan wata. Arba'in da ɗaya, ta mutu.

Litinin, 21 ga Afrilu, la'asar

Lawwali ya dawo. Shi kaɗai.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

An kawo shi a bayan babur ya gaida Inna. Ƙafafunsa a naɗe da tsumma, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. A zaure aka zaunar da shi, ni da Inna muna daga ciki bayan labule.

Ya ce, "Inna, tun kwana na biyat anka raba mu. Amma lahiya lau nib baro shi, walle lahiya lau."

Sau uku ya faɗa, kuma duk ukun ƙasa yake kallo. Inna ta ce Allah shi ƙara sauƙi, ta sa aka kai masa fura. Ni ina da tambaya ta kai ɗari: yana cin abinci, takalminsa na ƙafarsa, ciwon cikin nan yana tashi? Ko ɗaya ba ta fito ba. Matar Lawwali an ce tun jiya take rabon waina. Na taya ta murna a baki, kuma Allah ya sani ina so in taya ta har zuciya, abin ne ya ƙi.

Ban kunna ba yau.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Ashirin da tara, ta mutu. Baya ma take ci.

Sharifa ta ce wataƙila filashin ne, in zare in soka a wani rami na baya. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na laluba ta tsagin na sauya. Talatin da shida. Ta ce wataƙila wutar solar ce ke rawa, in kashe fankar sama da komai na gidan. Na kashe, na zauna cikin ɗaki kamar tukunyar dambu. Wannan karon ko ashirin ba ta kai ba.

Na fita gindin bishiya na zazzage wa Sharifa, na ce ita ma ba abin da ta iya sai buga takardar hutu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kin ci abinci yau?" Na kashe wayar.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan asuba

Na kwanta rigingine ina so in ji yadda kake kiran sunana, ya ƙi zuwa. Na san kana jan ƙarshensa, na san kana haɗiye tsakiyarsa, amma sautin kansa babu. Muryar Khalid ke shigowa a madadinsa, ko ta mai tallan kifi. Kwana ashirin da biyu kacal. Ashe haka kunne yake da rashin amana?

Ina kewarka. Bari in rubuta a nan tunda babu wanda zan faɗa wa a gidan nan.

Asabar, 26 ga Afrilu, la'asar

Wayar Khalid ta yi ƙara muna tsakar gida, kowa ya daskare. Mai kawo masa takin zamani ne. Khalid ya zage shi tas, bawan Allah bai san laifinsa ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan azahar

Matan unguwa sun shigo. Na gaji da kalmar haƙuri, in da ana cinta da na yi ƙiba. Wata daga cikinsu da za ta tashi ta ɗaga hannu ta ce, "Allah shi ji..." sai ta kama bakinta ta juya ta ce Allah shi bayyana. Kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba. Na raka su har zaure da fara'ata, na dawo na wanke kofunan da suka sha ruwa sau biyu.

Talatin da uku.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe uku

Khalid ya shigo da buhun albasa, Raihana ta ruga ta rungume ƙafarsa ta ce Baba. Shekararta huɗu, ba laifinta ba ne, tafiyarsu iri ɗaya ce. Amma na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, har ta saki fitsari. Sai da na goya ta na yi ta zagaya tsakar gida kafin ta yi shiru. Ina so in zaunar da ita gaban allon nan in ce ga Babanki, wannan ne, ji muryarsa. Abin da nake nema ke nan, ba wani abu ba.

Khalid ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce, "Matar Yaya, ki bari in kai na'urag ga Sakkwato. Na yi magana da wani mai gyara, ya ce shi yi mata fomat gaba ɗai, awa guda ta tashi."

Na ce, "Shi yi mata mi?"

"Fomat. Wai shi wanke ta dud, ta koma sabuwa."

Na ce masa duk wanda ya ɗaga akwatin nan daga inda Yayansa ya aje shi, ni da shi ne har gaban alƙali. Ya ce shi taimako ya nufa. Na san taimako ya nufa. Shi ma ya faɗa, wuyan rigarsa har ya yi masa faɗi, kullum wayar nan na cikin tafin hannunsa har a sahun salla. Gobe zan ba shi haƙuri.

Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe biyu saura

Yau da ta mutu na sake tada ta, sai na ji wani ƙas-ƙas daga ciki, sau uku, sannan ya daina. Na kwaikwaya wa Sharifa a waya. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Adawiyya, tsaya ki ji. Rumbun ajiyat na ka wanga kuka. Tsoho na, kuma dud sadda tam mace tsakiyar aiki shina jin jiki. In kinka ci gaba hakan ga, wata rana shi ƙi tashi, hotunan su tahi da shi. Ni na ƙare dabarata. Ki bar ta hal mu samu wanda yas sani."

Na tambaye ta sau nawa ya rage. Ta ce ba ta sani ba, zai iya zama goma, zai iya zama ɗaya.

Wato duk kwanakin nan da nake ganin ina matsowa kusa da kai, ni ce nake ture ka da hannuna. Ka ce kada kowa ya taɓa. Ban ji ba, ka san ni.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ban kunna ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Wata guda cif. Ban kunna ba. Wayar Khalid shiru.

Litinin, 5 ga Mayu, la'asar sakaliya

An koma makaranta yau, ni ban koma ba. Shugabanmu ya aiko a ce in zauna har hankalina ya kwanta. Ya kyauta, sai dai bai faɗi ranar ba.

Na shiga ɗakin na goge allon da tsumma, na gyara wa akwatin rigarsa, na fito. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, rana tana zuba a kan sola a banza. Na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na wanke kaftaninka fari da yake a wanke.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Bari in rubuta wannan daki-daki kada in manta.

Da azahar na shiga ɗakin na zauna gaban tebur, ba don in kunna ba, zama kawai. Inna tana tabarmarta bakin ƙofa tana jan carbi. Tunda abin nan ya faru ban ga hawayenta ba, ban ji ta tambayi Khalid labari ba, har a raina na sha cewa wannan tsohuwa zuciyarta dutse ce. Idonta ma ba ya gani sosai, sai abu ya matso.

Sai na ji ta ce, "Ke Adawiyya. Kwana biyu ban ji kukan abin ga ba."

Na ce, "Ta ƙi, Inna. Tana kai tsakiya ta mace."

Ta ja carbi kamar ƙwaya biyar, sannan ta ce, "Wai da rigat kika tada ta?"

Na ce, "Wace riga?"

"Wadda kiɗ ɗunka mata. Mai gidanki kam ban taɓa ganin ya tada ta da riga ba. Shina shigowa shi tuɓe mata, shi ninke, shi aza bisa kahwaɗa tai. Kuma shi jawo 'yak ƙaramar hwankag ga shi aje gabanta, shi kau shi zamna cikin zuhwa. In yaj ji ƙarar ƙyaure, ke ta kin taso makaranta, sai shi yi maza shi kashe shi maida mata."

Na ce, "Inna, don mi?"

Ta ce, "Ni ina nis sani? Halan kada ki ce ba a yaba ɗunkinki ba."

Na zura hannu ƙarƙashin rigar na ɗaga. Duk gefen akwatin ramuka ne ƙanana, bayansa kuma ga fanka, ledar da na shimfiɗa ta manne a bakinta har ta yi baƙi ta narke. Shekara uku da rabi. Ranar da na gama ɗinkin nan ka juya shi ka sake juyawa, ka ce ko a kantin Sakkwato ba a samun irinsa. Kai ma dai! Da ka buɗe baki ka ce Adawiyya, abin nan numfashi yake yi, me zan yi maka? Zan yi fushi na kwana biyu, na sani, kai ma ka sani, shi ya sa.

Na fita gindin bishiya ina dariya ina kuka na faɗa wa Sharifa. Ta yi salati ta ce, "Riga? Kin sa ma kwamfuta riga da leda cikin bazarag ga? Sati ukku ina hwaman tunani, ko sau guda ba ki ce min akwai riga ba!" Na ce ai ba ta tambaya ba. Ta ce wa zai yi tunanin tambaya.

Ta ce zafi ne ke sa ta kashe kanta. Gobe da solar ta kawo in tuɓe mata in gwada sau ɗaya tak. In ta sake mutuwa, in haƙura.

Abin da ya tsaya min shi ne Inna. Ashe duk azahar ɗin nan da take zaune bakin ƙofa, ba inuwa kaɗai take bi ba.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe uku da kwata

Na tuɓe mata, na ninke rigar, na rasa inda zan aje, sai na ɗora a kafaɗata. Na goge ramukan da tsohon buroshin haƙori, na jawo ƙaramar fanka na saita mata. Na faɗa mata kwanan wata. Na zaɓi layi na biyu.

Daga talatin na rufe ido. Inna ta ce, "Nawa?" Na buɗe na ce talatin da takwas. Can ta ce, "Nawa?" Hamsin da biyu. Haka muka yi ta yi, ita tana tambaya ni ina karantowa, har ɗari. Da allon ya ɗauke na saki ƙara, ashe sake tashi take yi da kanta. Sau biyu ta yi min haka. Sannan ta kawo shuɗi mai kyau, ta tambayi sunan mai ita. Na rubuta Baban Raihana.

Layi na uku yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Folda-folda, kowace da watanta da shekararta, yadda yake jera komai nasa.

Na buɗe. Raihana ranar suna. Raihana da haƙori biyu. Ni ina tankaɗe, ni ina barci baki buɗe, wannan kam sai mun yi shari'a. Inna tana salla. Khalid a kan injin ban ruwa. Albasa, albasa, gonar albasa ta Giyawa, ganyen albasa mai ciwo daga kusa, madatsar Goronyo da ruwa ya ja baya. Na wuce hoto ya fi dubu.

Ba ka ciki. Kai ke riƙe da wayar kullum, ban taɓa lura ba. Na samu inuwarka a ƙasa a wata gona, na samu gefen babban yatsanka a kusurwar wani. Sai ɗan hoton katin aiki guda, ka ɗaure fuska ka ƙame wuya. Wannan ma'aikacin gwamnati ne, ni ban san shi ba.

Akwai bidiyo da yawa, amma shiru suke tafiya. Na bi wayar lasifika na tarar ɓera ya cinye ta. Inna ta ce, "Shina ciki?" Na ce sai gobe, solar ta yi ƙasa.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Sharifa ta ce in soka abin kunnen ƙaramar wayata a koren rami na gaban akwatin. Na soka. Wayar abin kunnen gajera ce, sai na shigo da Inna na zaunar da ita kan kujerarsa, ni na durƙusa gefenta. Na sa mata ɗaya a kunne, na sa ɗaya a nawa, kanmu ya kusa haɗuwa. Khalid ya shigo ya tsaya bayanmu da Raihana a hannu.

Na buɗe na ƙarshe, na ranar ƙaramar salla, kwana huɗu kafin tafiyar Rabah. Tsakar gidan nan ce. Inna ce zaune tana gyaran shinkafa a faifai, hoton yana ɗan rawa saboda mai ɗauka yana tafiya. Sai ga numfashinsa a cikin kunnena, sai ga 'yar dariyar nan ta hanci. Muryar ta fi yadda nake tunawa sirantaka. Na dafe tebur.

Ya ce, "Inna, diba nan."

Inna ta cikin allo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Tahi ka ba ni wuri."

Ya matsa kusa yana dariya. "Inna. Inna! Magana nika yi hwa."

Inna ta kusa da ni ta saki carbinta ya faɗi ƙasa. Ta ɗaga kai ta ce da ƙarfi, yadda ake amsa wanda ke zaure, "Na'am. Na'am, Ja'afaru."

Ɗan farinta ne. Shekarata bakwai a gidan nan ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma ban taɓa ganin ta amsa kiransa a gaban mutane ba. Na waiga na ga Khalid ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Raihana tana miƙo hannu tana cewa ita ma a sa mata, na cire nawa na sa a kunnenta. Ta buɗe ido, sannan ta leƙa bayan allon.

Bidiyon minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu. Da ya ƙare Inna ta laluba ta kama hannuna ta ɗora a kan linzamin, ta ce, "Maido shi baya."

Na maido. Ya sake kira, ta sake amsawa.